Na kai yarana ruwan Wikki

Kuɗin riɗi ne ya kai mu Yankari, gandun namun dajin nan na jihar Bauchi. Bana gonar Malam ta yi albarka, ya kai kayansa kasuwar Sara ya sayar da daraja, ni kuma ɗibar adashena ta faɗo a watan. Niyyarsa ta farko ya ƙara ɗan maraƙi a turke, kuma niyya ce mai kyau. Amma ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa, ya taɓa zuwa wurin da 'yan ajinsu lokacin yana karatu a Bauchi, kuma tun daga nan duk daren da aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida sai ya kawo zancen wani ruwa mai suna Wikki da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, ba wuta ba rana. Yaran har sun haddace labarin. Da aka ba da hutun ƙarshen shekara suka sa mahaifinsu a gaba, ya ce to, zai ɗauki mazan biyu su je da Baffa su gano.

Nan na sa baki. Na ce, "Malam, in za a je, da kowa za a je. Matan ma ido gare su." Ya ce ina mace ina shiga ruwa a bainar jama'a. Na ce ya bar mini wannan, ni na san yadda zan yi da su. Inna, kakar yaran, ce ta raba gardamar. Ta ji an ce ruwan na da ɗumi, ita kuma da zarar hunturu ya kama gwiwoyinta ba sa barinta barci. Ta ce ko ba wanda za shi, ita za ta. Magana ta ƙare.

Ba son yawo ne ya sa na nace ba. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu, kuma yaron garinmu ruwa iri biyu ya sani. Akwai na rijiya da na famfon tuƙa-tuƙa, wanda ake bin layi a ɗebo a jarka a yi ta tattalinsa, in yarinya ta zubar da rabin bokiti ta sha faɗa. Akwai kuma na kududdufin bayan gari, inda aka haƙi ƙasar gini, wanda ke cika da damina ya yi kore shar, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Na farko bai isa a yi wasa da shi ba, na biyu kuwa an hana. Mazan suna satar jiki su shiga, kowa ya sani. In aka kawo maganin tsargiya makaranta ni nake tsayar da yara a jikin sandar awo, domin da tsayin yaro ake sanin ƙwaya nawa zai sha, kuma sai ya ci abinci tukuna. Na san masu fitsarin jini a ajina. Na kuma san iyayen da har gobe suke ɗaukar abin alamar balaga, alhali tsutsa ce da ke fitowa daga jikin katantanwar da ke zama a irin wannan ruwan, ta huda fata ta shige.

Da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya suna hanyar zuwa Mauludi, aka rasa mutum aƙalla 29, yawancinsu yara, na daɗe abin bai sake ni ba. Damina ta 2022 kuma ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Jigawa. Duk sanda irin wannan ta faru, abin da ake yi a gidajenmu shi ne a ƙara tsananta hani. Kar in ga ƙafarka a bakin ruwa. Akwai 'yan ruwa, za su ja ka. Tsoro kaɗai muke ba yara, kuma tsoro ba ya ɗago yaro sama ranar da ƙasa ta kuɓuce wa ƙafarsa. Namiji ko ba komai ya koyi 'yar facal-facal a ɓoye. Mace kuwa tana iya girma, a yi mata aure a garin da sai an tsallaka kogi, ba ta taɓa jin ruwa ya kai mata ƙirji ba. 'Yata ta fari shekararta 13, kuma har ranar da muka tashi iyakar saninta da ruwa bokiti ne.

Mun ɗauki shatar Sharon muka tashi bayan sallar asuba. A kwanar Babaldu muka ɗauki hanyar Ningi, muka bi ta Kafin Madaki, muka shiga Bauchi da hantsi, inda muka tsaya cin masa da miya. Daga nan hanyar Gombe ake bi har Dindima, a yi dama a nufi Mainamaji, inda babbar ƙofar dajin take a ƙaramar hukumar Alkaleri. A ƙofa ake biyan kuɗin shiga. Wanda ya ga ƙofa kada ya ce ya iso, domin daga nan zuwa sansanin Wikki akwai fiye da kilomita 40 cikin daji tsantsa, ba gari, ba mai shayi, ba gidan mai. A cika tanki tun daga Bauchi, a kuma sa yara su kama ruwa kafin a shiga.

A wannan tsakanin Malam ya fi yaran kallo. Ya manna fuska a gilashi yana kiran sunayen itatuwa: ga kawo, ga maɗobiya, ga marke, ga taura. Ya ce yana yaro duk akwai su a dajin bayan garinmu, gatari da masu gawayi suka gama da su. Yaran ba su san ko ɗaya ba sai taura, ita ma 'ya'yanta suka sani a faranti a bakin makaranta.

Muna sauka a sansanin muka tarar da gadu da 'ya'yansa suna kiwo a gaban ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna cizgar ciyawa, ko kallonmu ba su yi ba. Inna ta ja mayafi tana a'uziyya, ta ce a kau da ita daga aladen daji. Auta kuwa sai da aka riƙe ta, domin ta ga in sun zabura suna miƙar da wutsiya sama tsaye, ita kuma so take ta kama.

Daga masauki sai an gangara matakala mai tsawo kafin a kai bakin ruwan. Ba a ganinsa daga sama, itatuwa sun yi masa rumfa. Kana sauka iska tana canzawa, bushewar hunturu tana raguwa, har ka fito fili ka ga dutse ja a tsaye, ruwa na fitowa daga gindinsa. Na zaci zan ji ƙara ko in ga ɓulɓula. Ba ko ɗaya. Shiru yake fitowa, yana tafiya a hankali tsakanin gefe biyu da aka ɗaure da siminti. Kusa da dutsen launinsa shuɗi-shuɗi ne, yana yin gaba yana komawa garai, ƙasansa farin yashi, ana ganin kowane tsakuwa da ƙananan kifaye da inuwarsu. Auta, mai shekara biyar, ta tsaya a baki ta leƙa ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Umma, ina ruwan?" Sai da ganye ya faɗo ya kama tafiya a sama sannan ta yarda akwai wani abu tsakaninta da yashin.

Na tsuguna na sa hannu. Wanda ya zo da tunanin zai ga ruwa na tafasa zai yi mamaki, domin ɗumi ne irin na ruwan da aka surka wa jariri. Zafinsa digiri 31 ne a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, rani da damina, alhali jikin mutum 37 ne, shi ya sa yaro ke iya zama a ciki bai ƙone ba bai kuma yi rawar ɗari ba. Faɗinsa ya kai mita 13, kuma a kullum yana fitar da lita miliyan 21, ya gangara ya faɗa kogin Gaji. Baffa ya ba babban namijin, mai shekara 11, lissafi: in jarka tana cin lita 25, jarka nawa ke nan a yini? Yaron ya tsuguna ya yi ta zane da tsinke a ƙasa, ya goge ya sake, har ya fito da 840,000. Ya dubi lambar, ya dubi dutsen, ya ce, "Baffa, kuma ba mai tuƙawa?" Shi ne mai yi mana tuƙa-tuƙa kowace safiya kafin ya tafi makaranta, ya san abin da jarka ɗaya take ci a kafaɗa. Inna ta ce, "An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. To ga wanda ba a tona ba ya fito da kansa."

Ƙaramin namijin ya tambayi wanda ke hura wutar a ƙasa. Inna ta ce ikon Allah ne, ya yi shiru da bakinsa. Baffa ya ce ruwan sama ne da ya jiƙa ƙasa, ya bi ta cikin dutsen yashi ya yi ta nutsewa, kuma cikin ƙasa zafi gare shi, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafin na ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30. In ruwan ya ɗumama a can ya sami tsaga a jikin dutse, sai ya biyo ta ya fito. Ya ce akwai wasu maɓuɓɓugan masu ɗumi a dajin, irin su Dimmil, amma Wikki ce babbarsu. Yaron ya dube ni yana son in zaɓi ɗaya. Na ce masa kakarsa ta faɗi gaskiya, Baffansa kuma ya faɗi hanyar da Allah ya bi da abin, kuma neman sanin hanyar ba rashin kunya ba ne.

Da yammacin nan wurin cike yake. Ɗalibai ne daga wata makaranta da samari da wayoyinsu, ana tsalle ana ihu ana ɗaukar hoto. Mazanmu suka tuɓe riga suka shiga. Ni da Inna da 'yan matan muka zauna can gefe muka zura ƙafafu. Ta farin ba ta ce komai ba, ba mai magana ba ce, amma ina ganin yadda take bin ƙannenta da ido, tana motsa yatsun ƙafa a cikin ruwan. Na tashi na sami wani dattijo cikin ma'aikatan wurin na gaishe shi, na ce, "Baba, yaushe wurin nan yake zama ba kowa?" Ya ce, "Hajiya, ku zo da an idar da sallar asuba. Baƙi ba sa tashi da wuri a sanyin nan."

Haka muka yi. Gari bai gama wayewa ba muka gangara, kowa na ƙanƙame da jikinsa. Tururi ne ke tashi daga saman ruwan, tun daga gindin dutsen har inda ido ya tsaya, domin iskar ta fi ruwan sanyi nesa ba kusa ba. Baffa ya tsaya a saman matakala da mazan biyu, in wani namiji ya taho ya roƙe shi ya ɗan dakata. Malam, wanda ya iya iyo, ya shiga ya tsaya tsakaninmu da wurin mai zurfi. Ga mata masu niyyar zuwa, ga abin da muka sa: doguwar riga mai duhu wadda ba ta manne wa jiki, da wando a ciki, da ɗankwali a ɗaure tam. Zani ba ya yi, ruwa na kwance shi. Dogon hijabi kuwa hatsari ne, yana jiƙewa ya yi nauyi ya naɗe fuska. A bar shi a baki, a ɗauka in an fito.

Ta farin ta sauko tana riƙe da wuyan hannuna, har faratanta suka bar mini shaida. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ta tsaya tana numfashi sama-sama. Na ce ta dubi ƙasa. Ta duba ta ga ƙafafunta a kan yashi, ta ga nawa kusa da nata, ta ga ba abin da ke tsakani. Sai ta ƙara taku, ruwa ya kai ƙirji.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san kunyar 'yar fari. Malam ba ya kiran sunanta, ba ya zama hira da ita, in zai aike ta sai ya bi ta kaina. Ranar nan ya matso ya ce, "Ke, zo nan." Ya sa tafin hannu ɗaya a ƙeyarta, ɗaya a tsakiyar bayanta. Ya ce, "Kwanta. Kalli ganyen can na sama. Cika ƙirjinki da iska. Kar ki ɗaga kai, bar kunnuwanki su shiga." Ta kwanta jikinta a sandare, ƙafafu na neman ƙasa. Ya ce ta buɗe hannuwa, ta saki wuya, yana nan. Suka daɗe a haka. Ina kallon hannunsa ta cikin ruwan, na ga ya janye na baya, ya bar na ƙeya. Can na ga yatsu biyu kaɗai suka rage. Can na ga ba komai. Ruwan ya ɗauke ta a hankali ya yi gaba da ita, rigarta ta baje, idonta na sama, ba ta ma san ya sake ta ba, shi kuma yana binta a gefe taku-taku. Da ta ankara ta zabura ta miƙe, ta sha ruwa kaɗan, ta share fuska, ta ce, "Baba, ruwan ne ya riƙe ni?" Ya ce, "Shi ne. Haka yake riƙe duk wanda bai yi kokawa da shi ba. Sake." Ta sake, ta kuma sakewa, har ta iya kwanciya da kanta ta tashi da kanta.

Inna na zaune a kan matakalar cikin ruwa, ya kai mata ciki, tana murza gwiwoyi. Ta ce, "Kishiya, yau kin riga ni. Ni na tsufa ban taɓa kwanciya a kan ruwa ba." Auta na goye a wuyana tana dukan ruwa da tafi. Ni ma ranar na fara jin ruwa ya ɗauke mini nauyin jikina, kuma na yi wa Allah godiya a fili.

Na yi ta tunanin abin da ya sa zuciyata ta yarda a can, alhali a gida ko bakin kududdufi ba na bari su je. Ganin ƙasan ruwan ne. A kududdufi da zarar kan yaro ya nutse ya ɓace wa idonka, ba ka san inda rami yake ba, ba ka san abin da ya taka ba. A Wikki ina ƙirga yatsun ƙafar 'yata daga inda nake tsaye. Uwa tana iya sakin ɗanta ya koya in tana ganinsa. Abin da ya rage mana a ƙauye ke nan, ba ƙarfin hali ba: wurin da ruwa ke da tsabta, babba na tsaye, a koya wa yaro abin da zai yi in ya faɗa.

Sai dai garai ɗin nan yana da nasa ruɗin, kuma ina so masu zuwa da yara su ji wannan da kyau. Saboda ana ganin yashi, ko'ina sai ya yi kamar bai wuce ƙugu ba. Kusa da dutsen zurfin ya kai mita 1.9, ya shanye Malam har da tsawon hannu kaɗan. Babban namijin, da yake ya saba satar shiga kududdufi, ya ɗauka ya iya, ya nufi gindin dutsen kai a sama yana dukan ruwa da ƙarfi. Ruwan kuwa daga can yake turowa, kafin ya kai rabi ya gaji. Mahaifinsa na kusa, ya kamo shi ya dawo da shi, ya sa shi ya koyi kwanciyar da yayarsa ta koya. Ya fi ta shan wuya, domin sai da ya bar abin da ya saba. Simintin baki kuma yana da santsi, ba a gudu a kai. Kowane yaro a ba shi babba guda da idonsa ke kansa, kuma mai tsaron yaro ya ajiye waya. In an fito, sanyin hunturu yana saran jiki nan take, don haka tawul da rigar sanyi da man shafawa su kasance a kusa. Ba wurin sabulu ba ne, ba wurin wanki ba ne. Na ga ledojin fiya wata da wasu baƙi suka yar a gefe, abin ya ɓata mini rai, na sa yara suka tsince su kafin mu hau.

Birai kuwa sai an yi shiri da su. Gwaggon biri ne, manya, suna yawo a sansanin ba tsoron kowa, musamman mata da yara. Ƙaramin namijin ya fito daga ɗaki da ledar dambun nama da ƙuli-ƙuli a hannu. Wani babba yana zaune a gindin bishiya yana sosa ciki, kai ka ce bai gan shi ba. Yaron na wucewa ya taso da ƙafa huɗu, ba gudu ba, ya sha gabansa, ya buɗe baki ya nuna haƙora, ya sa hannu ya karɓe ledar, ya koma inda ya taso ya yage ta. Yaron ya ƙame, ko kuka ya kasa sai daga baya. Wani ma'aikaci ya zo da danƙo a hannu, ganin danƙon kaɗai ya sa birin ya haye bishiya. Ya ce da mu kada yaro ya riƙe leda a fili ko da ba abinci a ciki, a rufe ƙofa da taga ko da fita kaɗan za a yi, in biri ya kama abu a sakar masa, kuma kada a ba su abinci da hannu, domin masu ba su ne suka koya musu wannan ɗabi'ar.

Mun shiga zagayen daji a buɗaɗɗiyar mota tare da jagora. A hanya ya ba mu tarihin wurin: faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Mun ga gwambaza da mazo, mun hango ɓauna daga nesa, mun ga kada kwance a bakin Gaji. Ƙudan tsando ya cije mu sosai, ya fi bin masu baƙaƙen kaya da shuɗi, don haka a sa wa yara masu haske da dogon hannu. Giwa ba mu gan ta ba. Mun ga kashinta, da rassan da ta karya, da sawunta a laka, wanda jagoran ya ɗaga Auta ya tsayar da ita a ciki, ƙafafunta biyu suka shige har da saura. Ya ce ƙiyasin waɗanda suka rage 100 zuwa 150 ne, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. A ɗan gidan tarihin da ke sansanin yara sun ga haure da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga masu farautar sata. Malam ya tambayi jagoran ko giwayen na fita gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Ya ce suna fita, kuma garke na iya share gonar mutum a dare ɗaya. Malam ya yi shiru ya daɗe. Yana son yaransa su ga giwa, ya kuma san abin da ake nufi da a wayi gari ba gona, kuma ban ga ya sami yadda zai haɗa biyun ba.

An kai mu kogunan Marshall, ƙananan ɗakuna da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ana cewa a nan suke ɓuya daga masu kamun bayi. Ina tsaye a wurin na tuna zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude a Birnin Kudu, nan ƙofar gidanmu, wanda baƙi ke zuwa gani daga nesa, yawancin yaran ajina kuwa ko labarinsa ba su ji ba.

Kafin mu taso Inna ta cika galan da ruwan, ta ce za ta riƙa shafawa. Ta ce rabon da ta yi barci irin na daren nan tun kafin kaka. Na yarda da ita, domin ɗumi na sassauta gaɓoɓi, ruwa kuma na ɗauke wa gwiwa nauyi. Amma na gaya mata, da ladabi, kada ta ajiye maganin da aka ba ta a asibiti, kuma kada ta sha, domin wuri ne da jama'a ke shiga. Kafin mu kai Dindima ruwan galan ɗin ya huce. A Bauchi muka tsaya a kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Najeriya da aka kashe a watan Janairun 1966, muka yi masa addu'a, muka kamo hanyar gida.

Da aka koma makaranta na kai maganar gaban taron iyaye da malamai. Na ce a tara kuɗi kaɗan-kaɗan a kai 'yan aji shida, maza da mata daidai wa daida, da malamai mata biyu, da iyaye maza waɗanda suka iya ruwa. Wasu sun ce kuɗi, kuma gaskiyarsu ne, kuɗin mota kaɗai ba wasa ba ne. Wani dattijo ya ce, "Malama, in suka ɗanɗana daɗin ruwa a can, ba za su dawo su faɗa kududdufi ba?" Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Na ce, "Baba, mazan suna faɗawa tun yanzu, ba wanda ya koya musu komai. Gara a nuna musu bambancin ruwan da ake shiga da wanda ba a shiga, a gaya musu dalili, a koya musu abin da za su yi in tsautsayi ya sa sun faɗa." Bai ce ya gamsu ba, amma bai hana jikarsa ba.

An ba ni littafin rubuta kuɗin, ana kawowa duk ranar kasuwa, mai ɗari biyar, mai dubu. Hedimasta yana neman farashin bas a tashar Birnin Kudu. Watan Maris muke so, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji suka taru a bakin Gaji, ko Allah zai sa yaran su ga giwar da mu ba mu gani ba.